Sauran Goma Sha Uku

Na kawo tamanin da bakwai a lissafi.
Baba bai ɗago daga keken ɗinki ba,
ya ce, "Mudassir, ina sauran goma sha ukun?"

Tun ranar nake neman su.
Na duba ƙarƙashin tabarma,
na haska tocila in an ɗauke wuta a Rafindadi,
na leƙa kofin shayin da ya huce ban kurɓa ba.

Gobe jarrabawar fita.
Cikina na murɗawa kamar wanki a hannun Inna.
Abin da na haddace da la'asar
ya tsiyaye kafin isha'i.

Ƙarfe biyun dare keken ya yi shiru.
Na ji takunsa, na yi lamo.
Ya zare littafin daga ƙirjina,
ya daɗe yana bin layi da yatsa,
shi da aka cire daga aji uku aka kai shago.
Sai ya tofa mini addu'a a ka.

Da asuba, ga rigar makarantata a ninke,
an ɗinke aljihun da ya yage,
biro biyu a ciki.
Bai ce komai ba.
Ni ma ban ce idona biyu ba.