Likitar da Ta Tambayi Tukunyata

Shekara talatin da ɗaya ina jan keken hawa dutse
a Valparaíso, inda gidaje suka ɗare tsauni
kamar awaki, kowanne da launinsa.
Ranar da aka rufe keken, aka sallame ni da agogon bango,
barci ya naɗe tabarmarsa ya bar gidana.

Likita uku na gani kafin ita.
Kowa ya dubi takarda, ya dubi ƙofa,
ya ɗora ƙwaya a kan ƙwaya,
har aljihuna na kacau-kacau in ina tafe.

Dakta Ximena Arancibia ba ta buɗe fayil ba.
Ta ce, "Don Eleodoro, me ka ci jiya da dare?"
Na ce burodi da shayi.
"Shekaranjiya fa?"
Na yi shiru. Ta rubuta shirun.

Ta tambayi tagar ɗakina, teku take kallo ko bango.
Ta tambayi masu kiran sunana a mako.
Na ƙirga: mai kifi, sai akun maƙwabciya.
Ta yi dariya, na taya ta,
ƙarar tawa ta razana ni, don mun daɗe ba mu haɗu ba.

Na ce, "Ni fa ba taɓaɓɓe ba ne."
Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ni tsani na kawo. Nuna mini wurin."

Ta sa aka ɗebi jinina.
Ashe wata 'yar tsoka a maƙogwaro ta yi kasala,
tana da hannu a nauyin da na ɗauka duk na zuciya ne.
Ƙwaya biyar ta mayar biyu, cikin wata huɗu,
sannu-sannu, yadda nake sauke keke cike da tsofaffi,
ba a sakin birki lokaci guda.

Sai ta ba ni wata takarda da babu mai sayar da magani
da zai iya cika ta:
matakala ɗari da sittin zuwa bakin ruwa kowace safiya,
miyar kifi mai zafi, a ci a zaune,
da lambar 'yata Marisol a Antofagasta,
wadda rabona da muryarta tun jana'izar uwarta.

Matakala na taka. Miya na sha.
Lambar na ninke, na cusa a hula.

A watan Yuli sanyi ya sauko da ruwa,
kwana tara ban buɗe labule ba.
Na koma wurinta kaina a ƙasa
kamar yaron da ya fasa tulu.
Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗan ƙara magani,
ta soke matakala har ruwa ya ɗauke,
sannan ta tsura wa hannuwana ido.
"Waɗannan baƙin mai suke nema," in ji ta.

Yanzu Talata da Juma'a ina wata rumfa a Cerro Cordillera,
yara shida na kwance injuna, ina yi musu tsawa.
Wani Benjamín ya ɗaure noti a baibai sau uku,
na ji haushi har cikin raina,
na yi murna da na ji shi.

Barci ya fara leƙowa kamar kyanwar da aka taɓa jifa,
wani dare ya kwana, wani dare ya tsaya a katanga.
Dakta ta ce kada in kore shi da ƙirga.

Jiya na cire hula, na warware takardar.
Lamba tara ce. Na danna bakwai,
na ajiye, na ɗora tukunya.
Na auna shinkafar mutum biyu ban sani ba.