Wa Ke Cinye Faten Ɗalhatu?

Sati uku ke nan, Ɗalhatu,
kwanonka na dawowa tas,
kamar an cuɗe shi da toka.
Ina ta sa maka albarka,
har na baza wa maƙwabta a Tukur-Tukur
wai ɗana ya shirya da fate.

Amma wuyanka na nan kamar mariƙin lema,
wandon makaranta sai an ɗaure da igiya.
Malama Rakiya ta aiko da takarda:
kafin ƙarfe goma kanka na kan benci.
Ita kuwa Kyalla, akuyar nan
da muka sayo ƙashi da fata,
gashinta na sheƙi kamar an shafa mata man shanu.
Jiya ta tsallake katangar Baba Jafaru,
ko bulo ɗaya ba ta taɓa ba.

Yau na laɓe bayan randa, na gani.
Kai da ita a bayan madafa,
ka riƙe kwano, tana lasa,
ɗaya hannun na cikin aljihu
yana ɓare alawar naira hamsin.

Ban dake ka ba. Dariya ta ci ƙarfina.
Zo, kife turmin nan ka zauna,
in gaya maka abin da ka ba akuya.

Yakuwar nan da alayyafo,
Malam Tanimu ya yanko su tun duhun asuba
a fadamar Galma, ƙafa cikin taɓo,
ya turo keke har ƙofar gidan nan
raɓa ba ta bushe musu ba.
Waken, ni na tsince shi da fitilar waya
lokacin kana minshari.
Gyaɗar, kakarka ta aiko daga Dakace,
ta ce a ba mai sunan mijinta ya yi ƙwari.
Kabewar kuma don idanunka ne,
ka daina runtse su in ka kalli allo.

Biskit da lemon kwalba, ɗana,
wutar takarda ce:
ta yi bal, ta mutu, ta bar ka da toka.
Wake kuwa itacen ƙirya,
gaushinsa na kai mutum la'asar.

Ba kai ka ce za ka tsare raga ba
ran da za ku kara da yaran Gyallesu?
Da wane hannu?
Ƙwallo ɗaya ta kwashe ka,
ku shige ragar tare.

Ban hana alawa ba, ranar Juma'a tana nan.
Gobe dai ka raka ni kasuwar Tudun Wada,
kai za ka zaɓi gwanda,
ka latsa ka ji wadda ta nuna,
mu sayi ƙwai biyu, da karas mai ganye.
In mun dawo, kai za ka daka ƙuli,
mu kwaɗa zogale, ka ɗanɗana gishiri,
don abin da hannu ya wahala a kai
baki ba ya raina shi.

To, ga cokali. Bismillah.
Yamutse fuskar, ba komai, haɗiye.
Ƙara ɗaya.
Ka ga? Ba ka mutu ba.

Ji Kyalla can tana kuka,
tana harararmu ta ƙasan ƙyaure.
Ƙyale ta.
Ga kowar wake a buhu,
ta ci rabonka ya isa.