Ƙwai Biyar na Ma Titine

Kwana shida da wucewar guguwar teku,
ni ke riƙe da littafin rajista
a ajin da nake koyar da lissafi a Marigot,
ajin da rabin kwanonsa ke can kan mangwaron Cuthbert,
a naɗe kamar tabarma.

Shafin hagu na masu kawowa,
na dama na masu karɓa.
Na ja layi da jan biro a tsakani,
a zatona haka mutane suka rabu.

Ranar Talata jirgin ruwa ya iso daga Gwadalup.
Samari suka jeru tun daga gaɓa,
kwali na barin hannu yana faɗawa hannu.
Har Alwin, da ko tsinke bai taɓa ɗaga wa uwarsa ba,
ya tuɓe riga, gumi na bin gadon bayansa.
Shinkafa, kifin gwangwani, batir,
shuɗiyar tamfol ta rufe abin da ya rage na ɗakuna.

Sai ga wani kwali daga ƙasar ƙanƙara:
rigunan sanyi masu gashi a wuya,
a garin da ko tsakar dare fifita ake yi.
Dariyarmu ta farko ke nan tun daren nan.
Hermina ta zura ɗaya tana rangwaɗa tsakanin buhuna,
daga baya muka shimfiɗa wa jarirai,
ai sun fi siminti taushi.
A aljihun wata na tsinci takarda,
rubutun yaro, a karkace:
"Ta kakana ce. Tana da ɗumi."
Na rasa shafin da zan sa ta,
na cusa ta a nawa aljihun.

Da yamma liƙis Ma Titine ta shigo,
takalmi ɗaya nata, ɗaya na marigayi mijinta,
laka har gwiwa.
Na san gidanta.
Wato na san inda yake a da:
matakala uku na siminti,
ka hau, ka hau, ka hau, sai sararin sama.

Na buɗe shafin dama, na soma harafin farko.
Ta danne bakin biron da yatsa.
"Ba nan ba, 'yar nan. Wancan gefen."

Ta sauke kwando daga ka.
Cikin busasshen ganyen ayaba,
ƙwai biyar.
"Kazar ta kwana a tukunyata,
ni na kwana rungume da murfin.
Iska ta ɗauki gado, ta ɗauki akuya,
ta ɗauki hoton aurenmu da bangon da ke riƙe da shi,
amma kazar nan ba ta fasa ba ko rana ɗaya.
Shida ne. Na ci ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce, Ma, ai ke za a ba.
Ta ce, "Za a ba ni mana.
Gobe da sassafe ina kan layi,
kuma in aka tauye mini mudu, unguwa za ta ji mu.
Yau dai ki rubuta ni a nan.
Ki rubuta da kyau, da babban baƙi."

Muka dafa su a gwangwanin madara
kan itacen da ya kasance ƙofar ofishin hedimasta.
Hermina ta yanka kowanne gida huɗu da zare,
yara ashirin suka miƙo tafin hannu,
na ashirin da ɗaya ya lashe zaren.

A daren aka yi yayyafi.
Tamfol ta tara ruwa, ta yi ciki, ta ɗiga
daidai kan littafin da na manta a buɗe.
Da safe jan layin ya jiƙe ya bazu,
ya rina sunayen hagu da na dama.
Ina cikin shanya shi a taga
na jiyo muryarta daga ƙarshen layi,
tana yi wa Alwin faɗa a kan shinkafa.