Kyamara ta Bakwai

Ran Talata nakan hau tsani
a gidan tsofaffi na Aboabo,
tsumma a aljihu, sukudireba a baki.
Gizo-gizo ya riga ni zuwa,
ya yi saƙa a idon ta bakwai,
ruwan Kumasi kuma ya ci wayar ta uku,
tsatsa jawur kamar tukar goro.

Baba Issaka na riƙe min ƙafar tsani,
alhali hannunsa rawa yake.
Ya ce, "Yaro, goge da kyau,
'yata daga Jamus ta nan take ganina."

Ban gaya masa ba
wayar nan iyakarta ofishin Maame Serwaa,
inda allo ke haske shi kaɗai,
mai gadi na gyangyaɗi.

Na goge. Na hura. Na sake gogewa.
Na karkata wuyanta kaɗan
daga ƙofar fita zuwa gindin mangwaro,
inda kujerarsa take.
Gobe a yi min faɗa, na ji.

Da na sauko, ya gyara zaman hula,
ya ɗaga hannu sama,
ya yi wa gilashi murmushi
da haƙoransa biyu da suka rage.