Jinginar Agali

A layin dukawa, cikin Kasuwar Kurmi,
Agali ya kwance bakin rawaninsa,
ya ajiye wani abu kan fatar da nake yanka.
Kuɗin jaka uku nake binsa.
Ya ce, "Riƙe wannan, sai na dawo daga Agadas."

Dutse ne, amma haƙori ne.
Ya fi ɗan alina tsawo,
launinsa kamar goron da ya kwana a aljihu,
ga sanyi, ga nauyin da ya fi girmansa.

Shekara talatin ina ɗinka fatar kada.
Na san cikinsa mai laushi, na san gadon bayansa
da ke karya mini basilla.
Ban taɓa ganin bakin da zai ɗauki wannan ba.

Furera ce ta juya shi a hasken waya,
ita da ke karatun duwatsu a jami'a.
Ta ce, "Baba, ba kada ba ne,
ɗan'uwan kakan kakansa ne, kuma sun ƙare.
In ya miƙe a nan, kansa na rumfarmu,
wutsiyarsa na taɓa tasoshin Sallau."
Na ƙirga. Rumfa biyar.
Ta ce inda raƙuma ke mutuwa da ƙishi yau
a can ya yi iyo.

An ce ƙarfin kada yana ruwa.
To ruwan, nasa ƙarfin yana ina?
Kogi guda ya tashi ya bar mai gidansa,
bai ko yi sallama ba.

Da la'asar na tsaya bakin Jakara,
baƙin ruwa na jan leda da ɓawon lemo,
siriri, kamar mai jin kunyar wucewa.
Kakata ta ce da ana tsoron zurfinsa.

Wani Bature ya taya da kuɗin jaka ashirin.
Na ce albarka. Jingina ba ta sayuwa.

Damina biyu ke nan, Agali shiru,
lambarsa ba ta shiga.
Ni kuwa da haƙorin nake danne fata
kada iska ta ɗauke ta,
tsoho na riƙe da jikan ɗan'uwansa
har in gama ɗinki.
In na rufe rumfa, sai in sa shi a aljihu,
ya riƙa bugun cinyata har Yakasai.