Sabon Zarto a Teburin Girki

Ranar Talata jirgin ruwa ya kawo shi daga Puerto Montt,
cikin kwalin da ruwan sama ya jiƙa wa gindi.
Kuɗin tumaki huɗu ne, da buhun dankali tara.
Na kawar da gishiri da kofuna,
na ɗora shi inda nake murza fulawa.

Eliseo na kujerarsa kusa da murhu,
hannun dama kwance a cinya
kamar kifin da aka manta a bakin gaɓa.
Shekara arba'in yana kayar da itatuwan Chiloé,
yau ko maɓallin riga sai na ɓalla masa.
Ya ce, "Fito da shi mu ga haƙoransa."

Littafin bayanin da harsuna goma sha ɗaya ya zo,
ba wanda ya san da zaman mace
mai tabarau ɗaure da zare.
Na kwance noti biyu, na zura takobin ƙarfen,
na ɗora sarƙa, na ɗaure, ina ji da kaina.
Ya dube ni, ya dubi rufi,
gefen bakinsa mai rai ya motsa:
"Ermelinda, haƙoran cikinki suke kallo.
Itacen za ki yanka, ko sosa masa baya za ki yi?"
Na juya ta. Ta tsaga min babban yatsa.
Kafin injin ya ɗanɗana fetur
ya ɗanɗani jinina.

Da sirinjin allurar tumaki na auna mai,
ɗaya cikin hamsin, na girgiza a galan.
Mariƙin na da santsi, ni kuma ga sanyin ƙashi,
sai na yanka tsohuwar robar keken Nicanor,
ɗanmu da ya tafi ma'adinan arewa bai waiwayo ba,
na naɗe shi zagaye bakwai.

A ja na shida ya tashi.
Kaji suka watse, kare ya shige ƙarƙashin kwalekwale.
Eliseo ya yamutsa fuska:
"An toshe masa hanci tun daga masana'anta.
Ciro salansa, ki huda masa ƙofa."

Ina cikin hudawa Baldomero ya leƙo ta shinge.
"Kin kashe garanti, maƙwabciya!"
Na ce garanti na Santiago, cikin durowar wani,
Yuni kuwa ga ta a bakin ƙofa
da sanyinta da ruwanta,
rumbun itacena ko ɓera ba zai ɓoye ba.

Saura kusoshi uku na kafireto, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.
Kunne ke saita su,
nasa kuwa zartuna sun daɗe da cinyewa.
Ya ce in kai shi waje.
Na dasa injin a kan benci, na ba shi wuta,
ya shimfiɗa tafin hagu a kan katakon, ya rufe ido.
"Kukan sauro yake yi. Yunwa ce. Ƙara masa."
Na murɗa kaɗan.
"Kin cika shi, yana tari. Koma baya, faɗin farce."
Na koma.
Muryar ta yi kauri, ta soma gurnani daga ƙirji.
Bai ce komai ba,
sai na ga yatsun hannun da ya mutu
suna rawa a cinyarsa.
Girgizar benci ce, na sani.
Ban faɗa ba.

Itacen da guguwa ta kayar bayan garke
na shiga kamar wuƙa cikin kabewa.
Na ɗebo dusar a gaban rigata na kai masa.
Ya murza, ya shinshina.
"Ɓarzajje ne, ba gari ba. Sarƙar na da kaifi."
Can ya ƙara da cewa,
"Gobe ki matse notin nan. Sabuwa saki take yi."

Da dare teburin na warin fetur.
Gurasar ma haka.
Muka ci.