Ƙaramin Kwali

Shekara ashirin da shida ina yankan kwali
a garin Neenah, bakin Kogin Fox,
inda hayaƙin masana'anta ke riga rana tashi.
Hannuna ya san faɗin cikin mutanen ƙasar nan
fiye da likitocinsu.
Ni na gina wa biskit ɗaki da falo,
aka rubuta a goshinsa wai na iyali ne,
alhali kowa ya san mutum guda ke rungume shi
gaban talabijin, sai ya ga gindinsa.

Wata Litinin, ƙanƙara har gwiwa,
Delphine mai kula da layinmu ta shigo
da sabuwar wuƙar inji a naɗe kamar jinjiri.
"Wendell, kwance tsohuwar."
Na duba. Ido ba mudu ba, ya san kima:
rabi, rabin ma da ƙyar.
Na ce, na yara ne?
Ta ce, na manya ne
waɗanda ciki ya daina yi wa sallama.

Ban tambayi dalili ba. Dalilin yana firjina,
tsakanin man shanu da kwalbar madara,
siriri kamar alƙalami.
Duk Alhamis Marlys kan ɗaga gefen rigarta,
ta ƙirga zuwa shida,
shi ke nan, yunwa ta tattara komatsanta.
Matar da ke jin kiran kek daga ɗaki na uku
yanzu loma huɗu, ta ture faranti,
ta dube shi kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba.

Kiɗa ya canza, inji ya canza rawa.
Yanzu murfi suke so mai buɗuwa ya koma ya rufu,
don ba mai cinyewa a zama ɗaya.
Suna son leda mai zif, mai hana iska shiga,
abincin Talata ya kwana har Juma'a.
Hoton cuku mai dalala ya sauka daga gaba,
lambobi sun hau kujerarsa:
giram kaza na abin gina jiki,
da manyan baƙaƙe, ka karanta daga bakin ƙofa.

Abin da ba a rubuta ba, ni na sani.
Kuɗin bai rame tare da kwalin ba.
Kuma a da kwali ɗaya ke ɗaukar abin da yau sai uku,
abinci ya ragu, kwandon shara ya yi teɓa.
Na faɗa wa Delphine haka lokacin shan kofi,
ta yi dariya, ta nuna min ramin bel ɗinta,
sabo, da ƙusa ta huda shi.

Ran Asabar a kanti na gamu da aikina
jere a kanta, ƙanana, tsaf-tsaf,
na gane su ta kunnen hagu da wuƙata ke ɗan cizawa.
Marlys ta ɗauki ɗaya, ta jinjina a tafinta.
"Wannan ma ya yi min yawa."

Kaskon mahaifiyarta na can saman kabad,
mai cin dankali kilo biyar,
gizo-gizo ya kama haya a ciki.
Ina kewar ƙaurinsa ran Lahadi, ba zan ɓoye ba.
Tsohuwar wuƙar ma na roƙa aka bar min,
tana gareji, rataye kusa da shebur.

Amma jiya da dare ta hau benen nan,
matakala goma sha huɗu,
ba ta tsaya a ta bakwai ta dafa bango ba.
Daga sama ta kira ni, muryarta ba haki.
Ina ƙasa riƙe da ragowar abincinta,
na danna murfin, ya ce ƙyas,
na mayar firji, kusa da allurar.